Kafin a fara zagin teloli a bana

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan sana'ata tun da sauran lokaci, kafin azumi ya kama a shiga abin da aka saba shiga. Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada a nan Zariya, kuma na tsufa a kan keke, don wasu daga cikin yaran da na yaye yau su ma suna da nasu yaran.

Kowace shekara, da azumi ya raba tsakiya sai a buɗe babin teloli. A rediyo a yi barkwanci da mu, a Facebook a saka hoton rigar da aka ɓata, mai wa'azi ma in ya zo kan saɓa alkawari da mu yake buga misali. Ban zo in wanke mu ba. Akwai maƙaryata a cikinmu, yadda ake da su a cikin kafintoci da makanikai da waɗanda muke bin layi mu zaɓa. Sai dai ban taɓa jin an tambayi abin da yake faruwa a cikin shago daga bayan asham zuwa kiran assalatu ba, balle abin da watan nan guda yake yi wa jikin mutum. A ganina, ƙaryar da ake zaginmu a kanta da ciwon da yake kwantar da mu bayan Sallah uwarsu ɗaya, ita ce gazawar tela ya buɗe baki ya ce, "Na rufe karɓar ɗinki."

Lissafin ba shi da wuya. Tela mai hannu, in shi zai yanka, ya haɗa, ya kai aikin wuya, ya sa maɓalli, ya goge, to kaftani uku ko huɗu ne aikinsa na yini, in kuma aikin tsakani da Allah ake so. A kwana ashirin ya ɗinka sittin zuwa tamanin ke nan. Amma ka leƙa ƙarƙashin teburin yanka a goma ga azumi, za ka tarar da ledoji sun ninka wannan, kuma ana ta kawowa. Su wa suke kawowa? Ba baƙi ba ne. Baƙo kana iya ce masa ya yi haƙuri. Surukinka ne, da limamin unguwa, da maƙwabcin da ya tsaya maka ranar da aka kwantar da ɗanka, da alhajin da ya shekara goma yana ɗinki a wurinka. Ka ce masa wuri ya cika, ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, har da ni?" Ya ajiye leda a kan benci ya hau babur. Kai kuma ka bi shi da "To, Allah ya kai mu." Shi ya san ba alkawari ka yi ba, kai ma ka sani, amma ranar jajibiri alkawari za a kira shi. Kunya da kara abin yabo ne a wurinmu, ban musa ba. A wannan wajen kam da baccinmu da na yaranmu muke biyan kuɗinsu.

Ga yadda daren yake, ga wanda bai taɓa gani ba. Ana shan ruwa a shago, a ci ƙosai da kunu a tsaye, a yi sallah a koma kan keke. Wutar NEPA in ta zo ta zo, in ba ta zo ba a tayar da janareta. Saboda ɓarayi, da yawa suna jawo shi bakin ƙofa ko ma su shigar da shi ciki, in dare ya yi nisa kuma a saya ƙofa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Farkon alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, su ne kuma abubuwan da tela yake ɗora wa azumi da gajiya. Wannan iskar ta sha kashe iyali guda a cikin bacci a ƙasar nan. Wajen ƙarfe ɗaya ido ya fara rufewa, sai a nemi mai shayi ya zuba Nescafé da yawa, a bi da goro, matasa su bi da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari. Daga nan ne wasu suke tsallakawa zuwa ƙwaya.

A nan zan ɗan tsaya, don shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro bai zo shago da niyyar shaye-shaye ba. Ubansa ne ya kamo hannunsa ya kawo shi ya koyi sana'a, don kada ya zauna a bakin titi. Sai ga shi a goman ƙarshe an tara masa wanduna ya haɗa kafin asuba, bayansa yana ciwo, idonsa yana yaji, wani babba a shagon ya miƙo masa rabin tiramadol ya ce, "Sha wannan ka ga aiki." Ya sha, ya ga aiki kuwa. Bayan Sallah aiki ya ƙare, ƙwaya ba ta ƙare ba. Rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol suka sha ba da izinin likita ba. A shekarar ce ma gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Idan ana wannan zance, 'yan daba da 'yan bangar siyasa ake hangowa. Ni kuwa na san waɗanda a bakin aikin halal suka koya. Tiramadol in ya yi yawa yana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, kuma an sha ganin haka a shaguna, a ce iska ce a tafi neman mai ruƙiya. Maigidan da ya san yaransa suna sha ya kawar da kai don aiki yana fita, da hannunsa a ciki, ko da bai taɓa sayo musu ba.

Mu manya kuma namu ciwon a hankali yake zuwa. Ciwon baya da na wuya daga sunkuyo, basir daga dogon zama, ido da yake dushewa har zura zare a allura ya zama aikin yaro. Sai babbansu, hawan jini, wanda ba ya sallama kafin ya shigo. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da wani rahoto da ya ce a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu a duniya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda doguwar awar aiki. Suka ce mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. To, telan da ya buɗe shago ƙarfe tara na safe ya tashi ƙarfe uku na dare, kafin ya cika kwana huɗu ya wuce awa 55 ɗin. Wani zai ce ai rahoton a kan wanda ya daɗe yana haka yake magana, mu kuwa wata guda ne. Ina wata guda? Ana gama ƙaramar Sallah bukukuwa su taso da ankonsu, sai babbar Sallah, sai Maulidi, sai yunifom in za a koma makaranta. Ko a ranakun da ba komai, shagon tela nawa ne a Sabon Gari ko Samaru ake rufewa kafin isha'i, ko ake rufewa yini guda a mako?

Abin mamaki, doka ta yi magana. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan, wadda asalinta tun 1971 take, ta ce wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma a kowane kwana bakwai a ba shi yini guda cur. Ta ce bayan shekara guda yana da hutun aƙalla kwana shida da albashinsa. Ta ce yaron da bai kai shekara 16 ba kada ya wuce awa huɗu a jere yana aiki, kada kuma ya wuce takwas a yini. Tsarin awa takwas a yini, 48 a mako, tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta rattaba shi. Mu nan jihar Kaduna har gaba aka yi: daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, da hujjar ma'aikata su sami lokacin iyali da hutu da noma, makarantun gwamnati suka bi a Janairun 2022. Ban yi wa ma'aikata hassada ba, Allah ya ƙara musu. Amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba aikin ofis ko na kamfani mai rajista suke yi ba. Duk zancen hutun ma'aikaci da ake yi ranar 1 ga Mayu bai taɓa leƙo shagon tela ba, bai leƙa garejin makaniki ba, bai san mai keke Napep da ya fito tun asuba yana zirga-zirga tsakanin Kwangila da Kofar Doka ba. Babu jami'in da zai zo ya duba mu. In ba mu muka yi wa kanmu doka ba, babu mai yi mana.

Da can sana'ar tana da birkinta. Maigidan da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, a cikin birni yake, kuma aikin babbar riga ya gada, irin wanda aka san Zazzau da shi: aska biyu, aska takwas, 'yar Dikwa. Riga ɗaya sai ta bi hannu da yawa, mai haɗawa daban, mai zane daban, masu aikin allura daban, sannan a kai wa mabuga. Makonni take ɗauka, wata ma watanni, don haka babu mai hankalin da zai kawo ta ana saura kwana biyar Sallah. A zaure ake zama da hasken rana. Shi ƙa'idarsa, in ya kasa bambanta baƙin zare da shuɗi to aikin yau ya ƙare, ya soke allura a jikin hula ya tashi. Da ya koma keke ma bai bar wannan hali ba. Yana da littafi, kowane kaya da ranar karɓarsa, in shafin azumi ya cika sai ya ja layi, ko ɗan sarki ne ya zo ya nuna masa layin. Mutane sun yi fushi da shi, sun ce yana da taurin kai, amma ba su bar kawo masa ɗinki ba, sai dai suka koyi kawowa da wuri. A wurinsa na ɗauki littafin nan, kuma har yau da shi nake aiki.

Lantarki da janareta da kekunan zamani sun sauƙaƙa mana, ba mai son komawa baya. Amma sun cire birkin. Waya ta zo ta ƙarasa. Yanzu ƙarfe sha biyun dare mutum zai turo maka hoton wani salo ta WhatsApp ya ce a canja masa wuya, in ba ka amsa ba ya kira, in ka kashe waya ya ce ka gudu da kayansa. Abin haushi, keken nan da muka saya da kuɗi muna zuba masa mai, in motar keken ta yi zafi mu kashe ta huce, in ya fara wani ƙara mu kira mai gyara a ranar. Mai keken kuwa sai ya faɗi ake kai shi asibitin Shika.

Mata masu ɗinki a cikin gida nasu ya fi namu, kuma ba a ma lissafa su. Ƙanwata tana ɗinkin mata. Ni in na tashi daga keke abinci nake tararwa. Ita in ta tashi daga keke murhu take nufa: kayan buɗa-baki, tuwon dare, sahur, ga yara, ga mai gida da yake ganin ai tana gida ba ta je ko'ina ba. Shagonta ɗakinta ne, don haka ba ta da lokacin rufewa, masu ɗinki har gefen gadonta suke zama suna jira. Kuma ɗinkin mata ba kaftani ba ne da za ka yanka biyar a awo ɗaya, kowace da salonta da duwatsunta da gyaranta. Maza masu irin waɗannan mata, ku dubi Allah. In kuɗin ɗinkin nan yana shiga cefane, to ku ɗauke mata wani abu a goman ƙarshe, ko da sayo ƙosai ne daga waje.

Na san amsar da 'yan'uwana teloli za su ba ni, don na sha jin ta a majalisa. Za su ce azumi shi ne kakarmu, bayan Sallah sai ka yini ba wanda ya yi maka sallama sai mai gyaran zif. Ga kuɗin haya, ga mai da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ga zare da kayan aiki kullum sabon farashi. Wanda bai tara a watan nan ba me zai ci? Gaskiya ne, kuma duk wanda zai ce wa mai neman abinci ya huta ba tare da ya dubi wannan ba, bai san rayuwa ba. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Man da aka ƙona daga sha biyu zuwa asuba a cire shi. Shaddar mutum mai tsada da aka yanka ba daidai ba ƙarfe uku na dare saboda gyangyaɗi, wadda kuɗin ɗinki goma ba zai biya ba, a cire ta. Kwastoman da ya yi Sallah da tsohon kaya ya rantse ba zai dawo ba, a cire shi. Makon da za a yi a kwance bayan Sallah da kuɗin ƙarin ruwa, a cire su. Abin da ya rage bai kai yadda ake zato ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma sau da yawa ɗinki talatin na ƙarshen nan da aka cusa, wahalarsu kawai ake sha.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a littafi. Goman ƙarshe da ake cika masallatai ana tahajjud, tela yana jin karatun daga lasifika yana taka keke. Ranar idi wasu ko sallar ba sa samu, bacci ya kwashe su a kan tarin ƙyallaye. A yi hawan Sallah, a yi hawan Bariki, gari ya cika a ƙofar fada, shi yana kwance da zazzaɓi. 'Ya'yansa kuwa su ne na ƙarshe a layi, wani lokaci sai bayan Sallah a ɗinka nasu. Malamai suna karanta mana labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci Abu Darda'i, ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har iyalinsa ta daina kula da kanta. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya gaya masa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. In an faɗi haka a kan mai raya dare da sallah, ina ga mai raya shi da kaftanin wani?

Abin da nake nema a wurin 'yan'uwana ba mai yawa ba ne. Kowa ya san ƙarfin hannunsa, ya ƙirga, ya ja layi, ya rubuta ranar rufe karɓa a takarda ya manna a ƙofa tun yanzu, don takarda ba ta jin kunyar suruki. In ƙungiyoyinmu na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da cikin birni za su haɗu a kan rana ɗaya, a ce goma ga azumi, ya fi sauƙi, don ba wanda zai ji tsoron maƙwabcinsa zai kwashe masa mutane. Ƙananan yara su tafi gida bayan asham, babu dalilin kwanan ɗan shekara sha huɗu a shago. In dole sai an yi dare, a raba, wasu su yi farkonsa wasu ƙarshensa, kowa ya sami baccin kirki a jere. Janareta ya zauna a waje nesa da ƙofa da taga, a saya masa sarƙa da kwaɗo. A riƙa miƙewa ana taka ƙasa, a ɗaga ido daga allura a dubi nesa. Wanda ya haura arba'in ya je a auna jininsa kafin azumi, ko a kemis ne, ya kuma je a gwada idonsa a ba shi tabarau, ya bar sayen na bakin titi yana gwadawa da rubutun kwalin ashana. Kuɗin da ƙungiya take tarawa na walima, a ɗebi kaɗan a gayyato ma'aikatan lafiya su zo su yi mana awon nan a wuri ɗaya cikin Sha'aban.

Masu kawo ɗinki kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar Sallah ba ɓoyayya ba ce, tun bara aka san watan da za ta zo. Wanda yake da hali ya kawo yadinsa yanzu, ya ba da kafin alƙalami, in an ce masa an rufe ya karɓa da kyakkyawar zuciya. Na san da yawa ba ganganci suke yi ba, albashi suke jira, don haka gwamnati da masu kamfanoni da masu makarantun kuɗi su ma da hannunsu a cunkoson nan: in an biya mutane ana saura mako guda Sallah, a makon nan za su tafi kasuwa gaba ɗaya su juye a kanmu.

Sai attajirai da 'yan siyasa masu rabon yadi. Allah ya saka da alheri, amma rabon da ake yi ranar ashirin da biyar ga azumi, bayan an tara jama'a an ɗauki hoto, wahala ce ake raba wa talaka da tela baki ɗaya. Mutum ya karɓi yadi biyar yana murna, ya zaga shago bakwai ba mai karɓa, na takwas ya karɓa don kunya, ya ɗora wa yaro ya kwana a kai. Wanda ya yi niyyar rabo ya yi shi cikin Sha'aban, kuma ya haɗa da kuɗin ɗinki, don yawancin waɗanda ake ba yadin ba su da shi.

Na gode, Edita. Wassalam.

Naku,
Wani tela daga Tudun Wada, Zariya